Yaya, Inna Ta Leƙa

Zuwa ga yayana, ɗan farin Inna, a duk inda wannan takarda ta same ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da duk wanda Allah Ya haɗa ka zama da shi. Ni ce Binta, ƙanwarka, wadda ka bari tana aji shida a firamare a nan Kusada. Yanzu ina da furfura a gaban goshi da ɗiya a kwaleji, saboda haka kada ka tsaya neman yarinyar nan mai kitso biyu. Inna tana nan da ranta. Baba ya rasu shekara goma sha ɗaya ke nan, Allah Ya jiƙan shi. Na fara da su biyun ne don na san su za ka fara tambaya, in har kana tambaya.

Ba ni da adireshinka, ba ni da lambarka, shekara talatin ba mu ji ɗuriyarka ba. Shi ya sa na ajiye wasiƙar nan a shafina na intanet, a fili. Ku kuma da kuke leƙen takardar da ba taku ba, ban hana ku ba. Don ku leƙa na ajiye ta. Ku daure ku karanta har ƙarshe, wataƙila a cikinku akwai wanda ya taɓa zama benci ɗaya da shi.

Yaya, idon Inna ne ya sa na rubuto. Likita a Katsina ya ce hawan jinin ido ne, kuma mun zo a makare. Na hagu ya tafi tun bara. Na dama saura kaɗan. Ba ta gane fuska, ba ta gane launin zane, haske da duhu kawai take rarrabewa. In na tsaya a bakin ƙofa ta san wani ya tare haske, sai na yi magana take sanin ni ce. Na tambayi likitan saura yaushe, ya yi ta juya biro a hannu yana cewa mu ci gaba da ɗiga magani. Na sake tambaya, don ka san ni da naci. Sai ya ce in akwai wanda take son gani, kada a jira kaka. Yau da safe na bi ta hanyar garin Ƙofa, gero ya fara fidda kai.

Ummi ce ta gano ka. Ita ce ɗiyar tawa, sunan Inna aka sa mata. Tun 'ya'yana suna ƙanana nake ba su labarin kawunsu da ya sa taurari gudu a cikin ɗaki da rana tsaka, su kuma suna ɗaga mani kai irin na a bar Mama ta gama. Sati uku da suka wuce ina kan keken ɗinki ta shigo da wayarta a hannu, ta ce in zo in ga irin abin da nake faɗa masu. Wani shafi ta samu da ke sa tsofaffin finafinan da aka ɗauka a wuraren baje kolin aikin masu zane da masu ƙira. Na ce ta bari in gama bakin rigar nan. Har yau rigar tana nan ban gama ba.

Fim ɗin minti huɗu ne, ba sauti, launin ya koɗe kamar atamfar da ta sha wanki. Wani babban zaure ne mai fararen bango, an rubuta a ƙasa cewa a Legas ne. Abubuwan da ke ciki ba zane ba ne, duk motsi suke yi. Akwai fallayen ƙarfe da aka rataye da zare suna juyawa su kaɗai. Akwai dogayen fitilu, ja da kore, wannan ta mutu waccan ta kama. Akwai wani akwatin gilashi da ruwa a ciki, haske yana rawa a ƙarƙashi. Mutane masu kwat da manyan riguna suna zagayawa da kofuna a hannu, suna gyaɗa kai kamar sun gane.

A minti na uku kyamarar ta shiga wani lungu da aka yi wa duhu. Yaya, wilin keke ne. Wilin keke a tsaye a kan ƙafar tsohuwar fanka, an liƙa fasassun madubi a wayoyin, da gwangwanayen madara da aka huhhuda da ƙusa, ƙwan tocila a cikin kowane. Yana juyawa a hankali, ɗigo-ɗigon haske suna bin bango, su hau rufi, su sauko ta ɗaya gefen. Ban san lokacin da na miƙe ba. Ni na wanke gwangwanayen nan. Ni na roƙo su wurin mai shayin bakin tasha, ni na bi gidajen amare ina tambayar ko madubi ya fashe, har ana ce mani 'yar bola.

Sai wani mutum ya shigo ta gefen dama, ya ba kyamara baya. Doguwar riga shuɗiya, hula ta karkace zuwa kunnen hagu. Ya duƙa ya taɓa makunnin da hannun hagu, wilin ya ƙara gudu. Babban yatsan nan da dalma ta ƙone, wanda farcen bai sake fitowa daidai ba, ga shi nan ƙiri-ƙiri. Ya miƙe, ya fara juyowa. Kunne ya fito, gefen kumatu ya fara fitowa. Sai mai ɗaukar ya kau da kyamara zuwa wani mai ƙaton ciki yana dariya da kofi a hannu. Sakan bakwai ne duka, na ƙirga ya fi sau ɗari. Allah Ya yafe wa mai ɗaukar nan, ni dai har yanzu ban iya ba.

Sauran ayyukan duk an rubuta sunayen masu su. Naka an rubuta ba a san mai shi ba, wai wani ne daga Arewa. Na sa Ummi ta rubuta wa masu shafin. Wata mata ta amsa da mutunci, Allah Ya saka mata. Ta ce kaset ɗin a cikin wani kwali aka tsince shi, danshi ya ci fiye da rabi, wannan minti huɗun ne kawai suka iya ceta. Ba takardar sunaye, ba su ma tabbatar da shekarar ba. Na sa a sake tambayar ta ko akwai wani kwalin, ko akwai wani kaset, ko mai ɗaukar yana da rai. Ta ce ta duba, babu. Na sa a sake tambaya karo na uku, Ummi ta ce, Mama, kunya za mu ba kanmu.

A gidanmu babu hotonka ko ɗaya. Ka san Baba da hoto. Don haka bayanka na sakan bakwai shi ne duk abin da muke da shi.

Ka tuna rumfarka ta kasuwar Kankiya? Rediyoyi jibge har rufi, masu su suna zuwa suna zage-zage don ka bar aikinsu kana fama da tarkace. Kana cire ɗan injin da ke juya kaset daga rediyon da ya mutu, ka ɗaura mashi roba, ka ce zai ja wilin keke. Kowa ya ce ba zai ja ba, ya kuwa ja. Ranar kasuwa in na kawo maka fura sai ka zaunar da ni a kan akwatin batir, ka haska tocila a guntun madubi, hasken ya faɗa kan hular mai nama a can tsallake, shi kuma yana ta kore shi da hannu. Kana cewa, “Haske ba ya son zama wuri ɗaya, Binta, mu ne muke ɗaure shi.” Ban gane ba a lokacin, dariyar mai naman kawai nake yi.

A rumfar nan wani malamin zane daga Zariya ya same ka, ranar da rediyon motarshi ya lalace a hanya. Ya zo gyaran minti goma ya yi awa uku. Shi ya ce za a kai aikinka birni mutane su gani. Kai kuma ka ce ba inda za a kai shi sai mutanen gidanmu sun fara gani.

Yanzu zan zo kan abin da ya hana ni sakat shekara talatin. Ka yi haƙuri in faɗi abin da ka riga ka sani, don masu karantawa su gane.

Kai ɗan fari ne, Inna kuma 'yar garin Tafashiya ce, daga gidan da ba a wasa da kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunanka. Ba ta kallon ka a fuska. In ka shigo tsakar gida sai ta tuna tana da aiki a madafa. Ana yaye ka aka kai ka wurin Kaka, sai da ka shekara tara ka dawo. In ta kwashe tuwo sai ta ce in kai wa wancan. Wancan shi ne sunanka a bakinta. Amma ni ce mai kai kwanon, Yaya. Na san tsoka nawa ke ɓoye a ƙarƙashin tuwonka, na kuma san nawa ke cikin namu.

Ranar da ka kawo wilin gida, bayan azahar ka sauke tabarma a ƙofar ɗakinka, ka toshe taga da buhu ta waje, ka haɗa batirin mota. Yaran unguwa suka cika ɗakin suna ihu. Baba ya shiga, ya tsaya ɗan lokaci hannu a baya, ya ce ikon Allah, ya fita masallaci. Da kowa ya watse ka kira ni a hankali ka ce in je in ce wa Inna ta zo.

Ni kuwa da wautata. Ranar ana dakan sunan gidan maƙwabta a tsakar gidanmu, mata sun fi goma. Maimakon in raɗa mata, sai na tsaya a tsakiya na ɗaga murya na ce Yaya ya ce ki zo ki ga abin da ya yi. Taɓarya duk ta tsaya. Goggo Ladi, ƙanwar Baba, ta tafa hannu ta ce Inna ta tashi mana ta je ta ga abin ɗanta, ai yau kunya ta ƙare. Mata suka kwashe da dariya. Daga nan ko da Inna tana so, hanya ta toshe. Ba ta ɗago kai ba ta ce, “Ni ina da aiki. Ku ce wa wancan ya kwashe tarkacenshi kafin kaji su shiga.” Kana bayan tabarma, tsakaninku bai fi taku biyar ba. Na san ka ji.

Ba ka fito ba, ba ka kuma kashe abin ba. Ka zauna kai kaɗai a ciki yana ta juyawa.

Can an jima aka aike ni ɗauko rariya a bayan ɗakuna. Ina shan kwana na ga Inna. Ta kifa tsohon turmi a ƙarƙashin tagarka ta hau, ta ɗaga gefen buhun da yatsa ɗaya, ta manna idon dama a wurin. Hasken yana fitowa yana wucewa ta goshinta, ya tafi, ya dawo. Murmushi take yi, bakinta a ɗan buɗe. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, kafin ranar ko bayanta. Ta daɗe, Yaya. Na tsaya da rariya a hannu har ƙafata ta gaji. Da ta gan ni ta sauko, ta murɗe mani kunne har na ga wuta, ta ce in ta ji wannan a bakin wani, ni da ita ne.

Bayan kwana biyu na raka ka tasha ina riƙe da butarka. An ɗaure wilin a cikin buhu a saman mota. Ka riga ka sa ƙafa ɗaya a ciki, sai ka juyo ka tambaye ni ko Inna ta ce wani abu. Kunnena yana zafi har lokacin. Na ce a'a. Ka shafa kaina ka ce ba komai, ka shiga.

Wasiƙa biyu ka aiko daga Zariya, ɗaya daga Legas ba adireshi. A ta ƙarshen ka gaida kowa da suna, har akuyar Goggo mai karyayyen ƙaho. Da ka zo kan Inna ka rubuta, a gaida Inna in tana so. Ni na karanta wa gida, na tsallake kalmomi ukun ƙarshe. Daga nan shiru. Baba ya je Legas nemanka sau ɗaya, ya yi kwana ashirin, ya dawo da kumburarrun ƙafafu bai same ka ba. Inna ba ta taɓa tambaya ba. Sai dai duk ranar kasuwar Kankiya takan kwashe kwano ɗaya fiye da yawan mutanen gida, ta rufe, da safe ta ɗumama wa yara.

Ban ce abin da ya faru ranar nan ne kaɗai ya riƙe ka ba. Ban san me ka tarar a can ba, ko ciwo, ko wahala, ko kunyar dawowa hannu sake. Amma na san da wane tunani ka shiga motar nan, kuma ni na ba ka shi. Da na ce, Yaya, ta leƙa, ta hau turmi ta leƙa, da wataƙila ka dawo ko da sallah ɗaya. Yarinya ce ni, ana faɗa mani haka in na yi kuka. Yarinyar ta girma ta haifi wasu, abin bai bar ta ba. Laifina ne, kuma ina jin shi kullum.

Da na gama kukan fim ɗin sai na yi abin da ka yi. Bayan azahar na sauke labulen ɗakin Inna, na rufe taga, na ƙure hasken wayar, na kai ta dab da idonta na dama. Ban ce mata komai ba. Fallayen ƙarfen suka wuce ba ta motsa ba, jajayen fitilun suka wuce ta ce mene ne nake haska mata. Da aka zo lungun nan mai duhu sai ta kama wuyan hannuna. Idon da ba ya gane fuskata, Yaya, ya gane ɗigon hasken nan. Tana bin su da kai, su hau, su sauko. Ta ce in mayar. Na mayar. Ta ce in sake. Muka yi ta yi har cajin ya ƙare, na aika da wayar wurin mai caji, ta zauna hannu a cinya har aka dawo da ita.

Sannan ta tambaya ko mai abin yana ciki. Na ce yana ciki, amma ya ba da baya. Na ɗora yatsanta a kan shuɗiyar rigarka. Ta ce ba ta ganin komai a wurin sai duhu. Sai ta ce, “Ni dama bayanshi na sani, da takunshi, da tarinshi. Fuskar ce ban taɓa cika ido da ita ba. Na ɗauka akwai lokaci.”

Na durƙusa a gabanta, ni da furfurata, na ce Inna, ki sake ni daga maganar turmin nan, na gaji. Ta ce in faɗa. Ta ce in faɗa wa duk wanda zai ji, har marigayiya Goggo Ladi, in ina so a je kabarinta a faɗa mata.

Daga nan ta karɓi wayar daga hannuna. Ita a saninta waya aba ce da in ka yi magana a cikinta, na can yana ji. Ta juya ta, ta kai bakinta, ta gyara murya kamar za ta gaida baƙo. Ka lura tun farkon takardar nan ban rubuta sunanka ba. Da gangan ne, ina so ka fara jin shi daga inda ba ka taɓa ji ba. Ta ce, “Lawal. Ni ce. Na gani tun ranar nan. Ya yi kyau.”

Ta jira. Fim ɗin ba sauti, wilin yana ta juyawa a tafin hannunta. Ta miƙo mani ta ce wataƙila yana cikin mutane ne, ba zai iya amsawa ba. Ban gyara mata ba. Ummi da ke gefenmu ta fita da gudu, na ji ta tana kuka a bayan ɗaki.

Tun ranar, kullum bayan la'asar sai ta tambaye ni ko ka amsa. Ina ce mata layin ne ba kyau. Na yi maka ƙarya sau ɗaya a tasha ta ci shekara talatin, yanzu ina yi mata kullum. Jiya da na kai wayar idonta sai da na matso da ita har ta taɓa gira kafin ta ce ga su nan. Makon jiya ba sai na matso haka ba.

Yaya, don girman Allah. Ba mu neman komai a hannunka. In ba ka da lafiya zan zo in ɗauko ka. In ba ka da riga zan ɗinka, sana'ata ce. In kana da mata da 'ya'ya da ba su jin Hausa, ka zo da su, ɗaki yana nan, har ƙusoshin da ka kafa a bango ban bari an cire ba. In fushi ne, ka zo ka yi shi a kaina, ni na cancanta. In ba za ka iya zuwa ba, ka kira, ka ce na ji, Inna. Kalma uku ce. Amma in za ka zo, ka zo da rana, ka tsaya a bakin ƙofarta inda haske yake, ka bar ta ta matso yadda take so. Ba za ta tuna da aiki a madafa ba wannan karon.

Ku kuma masu karantawa, ku taimake ni. Lawal ne sunanshi, bahago, mai gyaran rediyo, mutumin Kusada, babban yatsan hagu a ƙone. Yanzu zai haura hamsin. Ba ya iya ganin fasasshen madubi a ƙasa bai ɗauka ba. In kun san shi, ku nuna mashi wannan. In kuma ya riga mu, kada ku ji tausayina ku yi shiru. Ku ajiye mani saƙo a nan ƙasa, ku faɗa mani garin da aka binne shi, in san abin da zan daina faɗa wa tsohuwar nan bayan la'asar.

Ya Allah, Kai da ba abin da ke ɓace maka, Ka kai takardar nan inda ƙafata ba ta iya zuwa. In bawanka Lawal yana da rai, Ka sassauta zuciyarshi, Ka sauƙaƙa mashi hanya, Ka riƙe wa Inna ɗan hasken nan har ya iso. In yana wurinka, Ka haskaka kabarinshi, Ka sanar da shi abin da na ɓoye mashi. Ka jiƙan Baba, Ka yafe mani. Amin.

Na bar labulen ɗakinta a ɗage. Ta ce kada a sauke, wai ko wani zai tare hasken.

Ƙanwarka mai jira,
Binta, Kusada.